Rasuwar Goggo, Tsohuwar Kwamfutar Ofishinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, duk da dariya na neman ƙwace mini, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Goggo, tsohuwar kwamfutar ofishinmu. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha uku a duniya.

Marigayiya mai riƙon amana ce. Aikinmu tattara bayanan ruwan sama, mu tace, mu aika wa ƙungiyoyin manoma rahoton lokacin shuka, kuma duk tsarin wannan aiki a cikinta yake, ita kaɗai, babu kwafi ko'ina. Ba ta taɓa zubar da komai ba. Ba ta kuma taɓa gaya wa kowa wanne ne daidai ba.

Ta rasu ta bar 'ya'ya arba'in da ɗaya, dukkansu fayilolin rahoto. Babbansu shi ne "Rahoto". Akwai "Rahoto sabo", "Rahoto na ƙarshe", "Na ƙarshe na gaske", sai autansu, "Wannan ne wallahi kar a taɓa". Bara na ɗauki ɗaya na tura, ashe na shekara uku baya ne. Manoma suka fito da iri tun sauran mako biyu ruwa ya sauka, muka wuni muna buga waya muna roƙon su mayar da shi buhu. Ban ɗora wa mamaciya laifi ba. Amma tana kallona na tura shi.

Ta daɗe tana jinya. Da safe sai ta yi "ƙirrr, ƙat, ƙat", sai an ɗan mare ta a kwiɓi take farfaɗowa. Ganin haka injiniyarmu, wadda muke kira Anti Tsari, ta dage a kwashe komai a kai rumbun intanet, wato gajimare. A can, duk gyaran da aka yi ana rubuta wa ya yi, yaushe, don me. In ka ɓata, ka koma na jiya. Ba a tura wa manoma komai sai an gwada a gefe, wani kuma ya duba. Wata huɗu ina ƙi, ina cewa ba a yi wa tsohuwa haka. Manaja ya haɗe rai, aka gama kwasa ranar Litinin.

Washegari Goggo ta ce "tiiit", ƙaurin wayar wuta ya tashi, shi ke nan. Na ɗora hannu a ka. Sai Anti Tsari ta juyo mini da allonta: rahoton wannan mako ne, ɗaya tak, da kwanan wata da sunan wanda ya gyara. Masu cewa sun ga ina rawa a baranda su ji tsoron Allah. Ƙafata ce ta sage.

Za a ɗauki gawa ranar Alhamis da ƙarfe goma, a kai ta shagon mai gyara na ƙarshen layi, wanda tuni ya nuna sha'awar fankarta. Ana karɓar gaisuwa a teburina. Wanda ya zo ya tarar na miƙe ƙafa har bango a gurbin da ta bari ƙarƙashin tebur, ya yi mini uzuri. Shekara goma sha uku ina zaune a takure.