Rasuwar Goggo, Motar Ƙungiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ya yi yawa har mutum ya daina jin nauyinsa, Baba Direba, a madadin koci da 'yan wasa da duk wanda ya taɓa zama a kujerar baya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Goggo, bas ɗin da ke kai ƙungiyar ƙwallon unguwa wasanninta na ƙaramin rukuni. Ta rasu ranar wasan ƙarshe na kakar bana, a gefen titi, a tsakiyar wani hawa, bayan doguwar jinya.

Babu wanda ya san shekarunta na gaskiya. Da tsufanta ta zo hannun ƙungiya, da sunan wata makaranta a jikinta wanda fenti bai gama rufewa ba. Baba Direba ya fara saninta ne tun yana ɗan wasan baya, yana zama jikin taga da takalmansa a cinya. Da gwiwarsa ta ƙi, aka rasa yadda za a yi da shi, sai aka miƙa masa makulli, ya koma gaba. Bai sake barin wannan kujera ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta ɗauki 'yan wasa da buhun ƙwallaye da jarkokin ruwa da gangar magoya baya, ba ta taɓa nuna an yi mata yawa ba. Ta san filin da awaki ke kiwo a bayan raga, da filin da sai an tsince kwalabe kafin a take wasa, da wanda 'yan kallonsa ke raka baƙi da duwatsu. Tabon yana nan a gilashinta na baya. Mai rufin asiri ce kuma. Ranar da ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafun gola, ya kifa kai a kujerar ƙarshe yana kuka kamar ƙaramin yaro, ƙarar salansarta ce ta rufe masa, har aka iso gida babu wanda ya ce ya ji.

Za a daɗe ana tuna muryarta. Da safe takan ce kirr, kirr, kirr, ta yi shiru kamar mai shawara, sannan ta ce gurum. Idan aka nemi giya ta uku sai ta ce ƙaƙas. Hon ɗinta kuwa kamar akuya mai mura.

Kakar bana ta fara da daɗi. An ci wasannin farko, ana dawowa ana waƙa ana dukan jikin Goggo. Daga nan babbar ƙungiya ta ɗauke ɗan wasan gaban da ke ci musu ƙwallo, gola ya karye a yatsa, aka shiga canjaras da shan kashi, ƙungiya ta yi ta zamewa ƙasan teburi. A daidai lokacin Goggo ta fara tari. Hayaƙi ya sauya launi, ta koma shan ruwa kamar mai zazzaɓi. Bakanike ya kara kunne a jikinta ya ɗago.

"Baba, injin nan sai an sauke shi."

Baba Direba ya kai maganar wurin ciyaman ɗin ƙungiya.

"A lallaɓa ta zuwa ƙarshen kaka, Baba," in ji ciyaman. "Ai saura kaɗan."

Ya lallaɓa ta. Bai ƙara maganar ba.

Wasan ƙarshe a waje ne, da nisa, kuma canjaras kaɗai ake buƙata a tsira daga faɗuwa. An yi sammako. Ta tashi ba gardama, ta yi tafiya lafiya har rana ta ɗaga. A kan hawan nan sai ta ce ƙwas sau ɗaya, daga ciki, ƙarar da bai taɓa ji daga gare ta ba. Tururi ya taso ta ƙarƙashin kujera. Ya kauce da ita gefe, ya ja birkin hannu, ya zauna hannuwansa a kan sitiyari.

'Yan wasa sun tura ta cikin rana har jesunansu suka jiƙe. Ba ta amsa ba. Daga ƙarshe wata motar siminti ta tsaya, suka ɗare bayanta da buhun ƙwallayensu, koci yana riƙe da hula kada iska ta ɗauke. Baba Direba ya ce su je, shi ba zai bar ta ita kaɗai a hanya ba.

Yana zaune a inuwarta wayarsa ta yi ƙara. Kyaftin ne.

"Baba, mun iso. Alƙalin wasa ya gaji da jira ya tashi. An ba masu gida wasan."

"To. Kun samu ruwa kun sha?"

"Baba, mun faɗi fa. Mun sauka daga rukunin."

"Na ji."

Ya mayar da wayar aljihu. Ya shiga ciki ya rufe tagogin ɗaya bayan ɗaya, ya tsince safar da wani ya manta, ya ninke ta. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba.

Har yau bai ji ba. Koci ya same shi a gida ya ce ba laifinsa ba ne, ya ce ya gode. Maiɗakinsa takan ajiye masa abinci ya cinye tas, idan ta tambaye shi ko gishiri ya ji sai ya dubi kwanon. Da aka gaya masa ciyaman ya ce baɗi ba za a shiga gasa ba, tambayar da ya yi ita ce wa zai riƙa kwance raga idan an yi ruwa.

Ta rasu ta bar Baba Direba. Da koci, wanda ya koma koyarwa a makaranta. Da kyaftin, wanda ya koma rumfar waldarsa. Da gola, da yatsansa da bai miƙe daidai ba. Da sauran 'yan wasa, waɗanda wasu sun fara gwaji a wasu ƙungiyoyi, ba a kuma ga laifinsu ba. Ta bar tayar safaya mai faci a kan faci, da jak, da bokitin da ake ba ta ruwa.

Za a ɗauki gawar daga garejin bakanike ranar Asabar da hantsi, a bi da ita ta ƙofar fili, a tsaya kaɗan, sannan a wuce wurin 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa. Za a karɓi gaisuwa a bakin fili, a kan bencin da 'yan wasa ke zama jiran canji. Ana roƙon masu zuwa kada su ce wa Baba Direba da an buga wasan da an yi canjaras; an riga an gaya masa.

Da igiya za a ja ta, don haka sai an samu mai riƙe sitiyari. Baba Direba ya ce shi ne. Bakanike ya tuna masa birkinta ba ya ci sosai. Ya ce ya sani, a hankali za a tafi, ai babu alƙalin da ke jiransu.