Jaba a Cikin Akwati

"Lahiya lau, amarya. Ina gajiya? Ko da yake wace gajiya, mutum na inuwa yana tsattsagar baƙaƙe kamar kaza?"

Bahago ke nan, tsohon mai raƙuma, ya shigo gidan ɗiyarsa a Agadas da hantsi. Ya tarar da jikarsa Aissa ta kife turmi ta ɗora ordinater, wato kwamfuta, a kai. Bana ruwa ya ƙi. Tun da soji suka karɓi mulki, purjen Turawa mai kai ruwa daji ya naɗe tabarma, wata ƙungiyar ƴan gari ta gaji aikin, ta ɗauki Aissa. Raƙuman Bahago kuwa na can arewa tare da ɗansa Haruna, bakin wata rijiya da ta kusa ƙafewa.

"Sannu, angona. Zauna nesa, kar rawaninka ya tare mini rezon salula."

"Rawanin nan ya girmi uwarki. An ce ke ke tura motar ruwa. Ina tawa?"

"Ba ni ke turawa ba. Masu rijiya na aiko saƙo ta salula, kowa da irin rubutunsa, injin da ke biro, ofishin ƙungiyarmu, kuwa harshe guda ya sani, XML. Ni nake rubuta umarni da JavaScript, ya juya saƙon zuwa harshen injin."

"Jaba? Jaba kika kulle cikin akwati? Shi ya sa gidan ke wari!"

"Kafin ka cire takalmi ba mu ji komi ba."

"Ashe tafinta ce ke. Kakana ya yi tafinta tsakanin Buzaye da Barebari, bai taɓa jiran kuran na lantarki ba."

"Shi ya sa har yau ba su gama cinikin ba."

Bahago ya matso, ya ƙanƙance ido. "Waɗannan kibiyoyin fa?"

"Ƙofofi ne. Ga uwa, ita ce yanki. Cikinta ƴaƴa, rijiyoyi. Cikin kowace rijiya akwai suna da zurfin ruwa da bisashe. Duk ƙofar da ka buɗe sai ka rufe, in ba haka ba injin ya ƙi takardar duka. Da kai aka tura masa da tuni ya koro ka. Tun haihuwata ka buɗe baki, ba ka rufe ba."

"In ba kuka, uwa ba ta ba da nono, yarinya."

Ta danna. Jan rubutu ya cika allo.

"Af! Jabar ta ciji mai ita?"

"Saƙon ɗanka ne ya maƙale. Kawu Haruna ya gaji ƙyuyarka. Maimakon ya rubuta raƙuma da awaki, ya sa wannan alama mai kama da ƙullin igiya a wurin 'da'. Injin kuwa in ya gan ta tsirara, sai ya tsaya cik kamar jaki a bakin kogi."

Tsohon ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, "Aissa, farar taguwata da ke wurin Haruna ta daina tashi."

Aissa ta ƙara layi guda, wanda zai riƙa suturta alamar duk inda ta fito, ta sake dannawa. Takardar ta fita sumul. Can salularta ta yi ƙara, ta ɗauka, ta saurara.

"Daga biro ne. Rijiyarku ta shiga. Jibi da asuba mota za ta tashi."

Bahago ya shafa fuska da hannu biyu. "Alhamdu lillahi. Dama na gaya wa mutane ni na koya miki."

"Kai da ke riƙe salula a kife?"

"To, na yarda, kin kada ni." Ya laluba aljihu, ya miƙo dabinon Ingal. "Ungo sadaki."

"Wa ya gutsuri wannan?"

"Ɗanɗana miki na yi, kar ki ci mai tsutsa."

Ta jefa a baki, suka fashe da dariya.