Kafaɗa Ɗaya, Faɗuwa Biyu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka auna kafaɗata ba. Ina aiki a injin casar shinkafa a Chanchaga, buhu ya zamo daga sama ya sauka mini a kafaɗar dama. An yi jinya, an yi gashi, hannu ya ƙi ɗaguwa ya wuce kunne. Kamfani ya ce sai likita ya auna nakasar kafin a biya diyya.

Matsalar, ba wannan ne karon farko ba. Shekara shida baya, ina lebura a gidan bulo a hanyar Beji, na faɗo daga tifa a kan kafaɗar nan. Ana gobe za a auna, abokin aikina Ndagi, mutumin Bida, ya ja ni gefe: "Kar ka faɗi tsohon ciwo fa! Za su raba, su ce rabi ba nasu ba."

Tun daga unguwarmu Limawa, a cikin keke mai ƙafa uku, nake bitar ƙarya. A bencin asibiti na kasa zama. In tashi, in leƙa, in dawo. (Ni da ko 'yata ba na iya yi wa ƙarya in na shanye mata kunu.)

Likitar mace ce, da takunkumi a fuska, wakilin kamfani na zaune a gefe. Ta ɗaga hoton ƙashi.

"Malam, ka taɓa jin ciwo a nan?"

"Ni? Ko sau ɗaya, likita!" Ba a tambaye ni ba, na ƙara da cewa ko ƙofar asibiti ban taɓa shiga ba.

Ta sauke takunkumin.

"Ba kai ne na gidan bulo ba? Ni na mayar da ƙashin nan ina sabuwar likita. Ka riƙe mini hijabi kana ihu, 'Inna, ki yafe ni!' har ya yage."

Wakilin kamfani ya sunkuya, wai yana gyara takalmi, bayansa na girgiza. Maimakon in yi shiru, sai na ji bakina ya ce, "Ai waccan ta hagu ce." Ta sa biro ta nuna tabon ɗinkin da ta yi da hannunta a kafaɗar dama.

Ta rubuta cewa kashi ɗaya cikin uku na nakasar na gidan bulo ne, biyu na injin shinkafa. Ta ce ko da ba ta gane ni ba, hoton ya riga ya tona.

Tun ranar na koyi darasi: in ciwo ya kama ka, yi ihunka a hankali. Ba ka san wa zai ajiye maka shi ba.