Furar da Na Ba Kaji

Cikin duk kunyar da na sha a aikin lafiya, ba zan taɓa mantawa da ta gidan Inna Hajo ba. Lokacin da gubar dalma ta riƙa kashe yara a ƙauyukan Anka ne aka turo ni daga Gummi, ina sabuwar ma'aikaciya, farar rigata ko wankin farko ba ta sha ba. Aikina in bi gida-gida in roƙi mata su daina dakan dutsen zinari a tsakar gida, su bar shan ruwan rijiyar da ake wanke shi a bakinta, kuma su kawo yara a ɗebi jininsu a auna. Na ƙarshen nan ne ya gagara. Mata sun ce ba za su miƙa jinin 'ya'yansu ga baƙi ba, kuma a ƙauyen da aka ba ni, kusa da Dareta, sai abin da Inna Hajo ta ce, don ita ce ungozoma, kusan kowa ita ta yanke masa cibi.

Zuwana na farko na yi mata dogon wa'azi a kan ruwa, har da nuni da yatsa (a lokacin gani nake duk jihar ni kaɗai na san ƙwayar cuta). Da na koma, sai na tarar ta tara matan unguwa, ta shimfiɗa mini tabarma, ta dire mini ƙwarya cike da fura.

Gaskiya ita ce, tunda na fara aikin nan ko kurɓar ruwan ƙauyen ban taɓa yi ba, nawa na leda nake ɗaukowa daga Anka. Amma baƙo ya ƙi furar tsohuwa a gaban mutane, ai ya gama zaginta. Na kai ludayi baki, na yi kamar na sha. Da ta shiga ɗaki, mata kuma suka juya wajen wani jariri da ke kuka, sai na karkata ƙwaryar a hankali na tuttular da rabi a bayan tabarma. Har na ji daɗin dabarata.

Na manta da kaji. Kafin in gyara zama sun yo kaina da gudu, har da zakara, suna caccakar gudajin fura a gindin zanena. Kowa ya juyo. Inna Hajo ta fito, ta dubi kajin, ta dubi ƙwarya, ta dube ni.

"Ɗiyata," in ji ta, "kaji kinka zo aunawa?"

Wasu suka yi dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita ba ta yi dariya ba.

"Ruwan ga ba na rijiya ba ne. Ke kinka ce a bari, munka bari. Da ƙahwata na tai burtsatsen bayan gari yau da swahe, don ke. In ba ki yarda da ruwanmu ba, mi za ya sa mu yarda da allurarki?"

Duk karatuna ya gudu. Na ce, "Inna, wallahi tsoro na ji."

"Mu ma shi muke ji," ta ce. "Sai dai ke da la'asar mota na maishe ki Anka. Mu nan muke kwana."

Wannan magana ta fi dariyar yi mini ciwo, don gaskiya ce. Na ɗaga ƙwaryar da hannu biyu, ba ludayi, na shanye sauran tas, tana tsaye tana kallona. Ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Washegari sai ga ta a rumfar da muke ɗibar jini, ita da jikokinta, mata na biye da ita. Ƙaramar cikin jikokin, Balkisu, da aka auna jininta, a ranar aka wuce da ita asibiti, kuma ta rayu.

Tun daga nan, in zan nemi uwa ta miƙo mini hannun ɗanta, sai na fara shan abin da ta miƙo mini. In kuma tsoro ya kama ni, da bakina nake faɗa, tun kafin kaji su riga ni.