Babu Ƙorafi Ko Ɗaya Daga Kabo

Abubuwa da yawa na zamana a Gwarzo sun shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban Alhaji mai kamfaninmu ina taƙama da koren allo ba.

Wani kamfanin sayar da taki da iri ne ya ɗauke ni in kula masa da kwamfutoci da intanet. Babban ofis a Gwarzo, reshe a Kabo. Ni kaɗai ne a sashena, cikin wani ɗaki da a da sito ne, can bayan buhuna. Iyalina suna Kano, ban san kowa a garin ba. In azahar ta yi sai in jiyo dariyar ma'aikata a gindin darbejiya, ni kuwa ina cin ƙosaina a gaban fanka.

Da na rasa abokin hira, sai na ƙirƙiro wa kaina aiki. Na kafa doka: duk wanda kwamfutarsa ta samu matsala kada ya kira ni, kada ya zo ɗakina. Ya shiga wani shafi da na gina a intanet, ya zaɓi irin matsalar da girmanta, manaja ya amince, sannan ta iso gare ni. (Haka na ji manyan kamfanoni suna yi, ni ma kuma a raina babba ne.) Na haɗa allo mai ma'aunai birjik, daga zafin injin da ke ɗakina har yawan takardar da firinta ta ci. In komai lafiya, sai ya nuna kore.

Ƙorafi ya ɗauke ɗif. Ba mai nemana, na ɗauka ƙwarewa ce.

Da kaka ta yi, Alhaji mai kamfanin ya tara mu duka, har da mutanen Kabo. Na sa sabuwar shadda, na haska allona a bango, na yi ta bayani har wani ya fara gyangyaɗi. Sai na kawo abin da nake ji da shi.

"Ranka ya daɗe, duk daminar nan babu ƙorafi ko ɗaya daga Kabo."

Hajiya Rabi, manajar reshen, ta gyara mayafi ta dube ni.

"Malam, ta ina za mu yi ƙorafin?"

"Ta shafin mana, Hajiya."

"Wanda sai da intanet ake shiga?"

"Shi."

"Ai intanet ɗin ne ya mutu, tun ana rabon taki. Manoman Masanawa wuni suke a layi muna rubuta rasit da hannu, wasu su gaji su tafi wani wuri. Na turo maka direba, ka ce ya koma ya bi tsari."

Na tuna direban. Ko gaisuwa ban bari ya ƙarasa ba.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da ma sun yi, da na ji sauƙi. Allon yana bayana yana ta nuna kore abinsa. Alhaji bai ɗaga murya ba.

"Yaro, kashe wannan abin. Ni abu biyu nake son sani: yau ana iya ciniki? In ba a iya, yaushe za ka gyara?"

Da aka tashi kowa ya nufi motar kamfani, ni na kasa haɗa ido da su, na tari ɗan acaɓa zuwa Kabo. Ashe ɓera ne ya gutsure waya a bayan kabad. Kafin la'asar na gyara.

Na rushe shafin, na manna lambar wayata a bangon kowane ofis, ma'aunai suka koma tambayoyin Alhaji biyu. Abin da na koya kuwa shi ne: in ka ga ba mai kawo maka kuka, kada ka yi saurin yi wa kanka barka. Wataƙila gajiya suka yi da kai kawai.