Rasuwar Alhaji Gwarang, Mai Tashin Mu Daga Aiki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mu 'yan babur na ofishin kai saƙo da ke Yendi muke sanar da rasuwar babanmu Alhaji Gwarang, tsohon rim ɗin tiraktan nan da ke rataye a bishiyar dalbejiya a ƙofar ofis. Shi ne ƙararrawarmu shekara goma sha tara.

Marigayi mutum ne mai magana ɗaya. Ƙarfe takwas ya ce gwarang, mu shiga. Azahar ya ce gwarang gwarang, mu yi salla mu ci tuwo. Ƙarfe biyar in ya buɗe murya, ko manaja bai isa ya aike ka sayen ruwa ba. Wanda ya faɗi tsakanin gwarang na safe da na yamma, kamfani ke ɗaukar shi zuwa asibiti, don kowa ya ji da kunnensa cewa a bakin aiki yake.

Ciwo ya kama shi bara, ranar da aka sa mana manhaja a waya. Aka ce yanzu mu ba ma'aikata ba ne, abokan hulɗa ne. Mun yi tafi, har da ni, har da rawa. Tun ranar ba a sake buga shi ba. Waya ke kira, ita kuwa ba ta san Juma'a ba, ba ta san zazzaɓi ba.

Ya cika ranar Talata, ranar da abokin aikinmu Faruq ya dawo da sanda da ƙafa a ɗaure. Ya faɗi ne a hanyar Salaga da kayan kamfani a baya. Manaja ya ce abokin hulɗa shi ke jinyar kansa. Manhaja kuma ta rage masa tauraro biyu, wai saƙo ya makara. Da yamma igiyar Alhaji ta tsinke.

Ya bar 'yan babur sha huɗu, da Damata mai koko da ke saita tukunyarta da muryarsa, da guntun rodin da ake buga shi da shi.

Jana'iza Juma'a ƙarfe biyar a gindin dalbejiya, kafin mai gwangwan ya zo ɗaukar gawa. Faruq zai buga shi bugun ƙarshe. Ana roƙon kowa ya kashe waya minti goma. Wanda ya ji tsoron a cire shi daga manhaja, ya bar ta a kunne, ba mu riƙe shi ba. Ni ma ban gama yanke shawara ba.

Mutala, a madadin marayu.