Masu Neman Iska a Damari

Wani mutum ne a Damari, 'yan shekaru bayan tafiyar Turawa, ya ga motoci sun shigo dajin Birnin Gwari da injin haƙa. Sai ya je neman aikin lebura. Injiniyan, wani mai suna Abarshi, ya ɗauke shi.

Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa kuke nema?"

Abarshi ya ce, "A'a, iskar gas. Za mu haƙa siririn rami, mu kafa bututu, mu zura wannan na'urar ciki da waya, sai mu fasa nakiya can nesa. Na'urar ta saurari yadda ƙasa ke amsawa, allura ta zana a takarda. Da haka muke gane inda ya kamata a haƙa babbar rijiya, kada mu yi aikin banza. Kai dai ka tsare bakin bututun, kada wayar ta motsa."

Mutumin ya duba, bai ga abin da zai danne waya kamar shi kansa ba. Sai ya zauna daram a kan bakin bututun. Ga shi kuwa da safe matarsa Naomi ta cika masa ciki da wake.

Aka fasa nakiya. Gogan naka ya firgita, wake ya yi aikinsa, bututu ya kwashe ya kai ƙasa.

A cikin tanti allura ta yi ta rawa. Abarshi ya fito yana murmushi, ya ce, "Da alama akwai iska a nan."

Mutumin ya ce, "Akwai, ranka ya daɗe."

Kashegari aka koma wani ramin. Ya zauna, aka fasa, allura ta ƙara rawa. Abarshi har ya yanka wa ma'aikata akuya.

Rana ta uku ramin a bakin gonar doyar mutumin yake. Ranar kuwa Naomi ta haɗa waken da dankali, ta bi shi da dafaffiyar gyaɗa. Ana fasa nakiya, allura ta tsallake takarda ta karye.

Abarshi ya kafa turke a tsakiyar doyar, ya ce, "Nan ne uwar iskar. Gobe katafila za ta share gonar nan."

Gumi ya keto wa mutumin. Doyar nan saura wata guda a tone ta. Ya ja Abarshi bayan tanti, ya durƙusa, ya faɗa masa komai, har da gyaɗar.

Abarshi ya ce, "Wato kwana uku, da motoci huɗu, da akwatin nakiya, da wayar da na buga Kaduna, duk cikinka muke aunawa? Ranar farko na ce akwai iska, ka ce akwai."

Mutumin ya ce, "To ai akwai, ranka ya daɗe. Kai ne ba ka tambayi ko ta wa ce ba."